Gadon da na bayar a jirgin ƙanwata

Shekarun baya, lokacin gwiwata ba ta fara yi min gardama a kan matakala ba, ƙanwata ta kira ni wata Asabar da hantsi ta ce in biyo ta gidanta, tana da magana. Ita ce autarmu, kuma mu biyu ne kaɗai a nan Greensboro, ƙasar Turawa, cikin 'ya'yan mahaifiyarmu. Ni na riga ta zuwa. Na yi aikin sito a wajen unguwar Wendover, ina ɗaga kwali ina sauke kwali, har bayana ya ce ya isa haka. Ita kuwa tun da ta zo ƙasar nan aikinta ɗaya ne, kula da tsofaffi. Ta fara a gidan da ake ajiye su, daga baya ta koma bin manyan gidajen nan na unguwar Irving Park. Ta yi wa tsohuwa wanka, ta ba ta abinci a baki, ta juya ta a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo. Idan ta dawo gida kuma ga mijinta, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ta yi jinyarsa har Mai shi ya karɓi abinsa. Tana fita takaba 'yarta ta haihu, sai ta koma wankan jariri.

Lokacin da ta kira ni ɗin nan jikan ya fara tafiya, ita kuma ta ajiye aiki.

Na same ta da 'yar tata a falo, tebur cike da takardu masu ƙyalli, kowacce da hoton jirgin ruwa fari fat, kamar an ɗora unguwa guda a kan teku. Ta zuba min shayi, ta jira na kurɓa, sannan ta ce, "Yaya, jirgin ruwa nake so in shiga."

Na ce, "Zuwa ina?"

"Ba zuwa ko'ina ba. Ya zagaya da ni mako guda ya dawo da ni."

Na yi dariya har shayin ya kusa sarƙe ni. Na ce, "Auta, a garinmu idan ka biya kuɗin mota aka zagaya da kai aka dawo da kai tasha, ai ƙarar direban za ka kai."

Ita ma ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Ta ce tsohuwar da ta yi wa aiki a ƙarshe tana da wani hoto a bangon ɗakinta, tana zaune a barandar jirgi, kofi a hannu, bayanta ruwa har iyakar gani. Bayan mutuwar mijinta ne matar ta fara tafiya, ita kaɗai, kusan kowace shekara. Ƙanwata ta daɗe tana goge ƙurar hoton nan. Yanzu ta zaɓi nata jirgin, ta kuma zaɓi ɗaki mai baranda da ke kallon teku. Ta nuna min da yatsa. Daga baya na gane ba izinina take nema ba, girmamawa ce kawai irin tata, kada babban wa ya ji a bakin mutane.

Da a nan maganar ta tsaya da na yi mata addu'a na tafi. Sai 'yar tata, wadda ke aikin ofis a cikin gari, ta ƙara bayani da Hausarta mai tafiya da sanda. Ta ce, "Kawu, abin haushin kawai, ɗakin na mutum biyu ne. Ko Mama ita kaɗai ce, kusan kuɗin mutum biyu za ta biya. Haka yawancin kamfanonin suke yi."

Na ajiye kofi. Na ce, "To gado na biyun fa?"

"Babu kowa a kai."

"Abincin mutum na biyun fa?"

"Shi ma kamar an biya ne."

Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane abin da maganar nan ta yi min a ka ba. Mahaifinmu yana da a-kori-kura da yake kai kaya kasuwannin ƙauye, kuma ban taɓa ganin motar nan ta tashi da wurin zama babu kowa ba. Ko an cika za a matsa. Idan ya ga tsohuwa a bakin hanya da ƙullin kaya zai tsaya ya rage mata hanya, ba ya ma tambayar inda za ta sai ta hau. A haka muka tashi. Wurin da aka biya aka bar shi babu kowa, a wajenmu almubazzaranci ne, kusan rowa ce. Tun daga lokacin na daina ganin jirgin, na daina ganin tekun. Gadon nan kawai nake gani, an gyara shi tsaf, babu mai kwanciya.

Na fara ta ɓangaren addini, domin a nan nake jin ina da ƙarfi. Na ce mace ita kaɗai a tsakiyar teku, ina muharrami? Ta ce ta yi tambayarta wajen waɗanda suka fi mu sani, hankalinta ya kwanta da abin da aka gaya mata. Sannan ta dube ni ta ce, "Yaya, shekarun da na yi ina tuƙa mota cikin dusar ƙanƙara in je gidan da ban san kowa ba in yi wa tsoho wanka, ban ji ka tambayi muharrami ba."

Na ce shayin ya yi sanyi, a ƙaro min.

A hanyar gida na fara tunanin ko ni ne zan cike gadon. Amma ni da ruwa ba ma ga-maciji tun wata rana da na shiga kwale-kwale a Yawuri ina saurayi, na fita da rarrafe. Da na gaya wa matata sai ta ce, "Kai da ko a bahon wanka sai ka dafa bango?" Na ce to ke ki shirya ki raka ta. Tana yankan alayyafo, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ita ta ce maka tana neman 'yar rakiya?"

Na ce, "Ai ba sai ta faɗa ba. Kunya ce."

Ta ce, "Uhm." Na zauna da matar nan tsawon rayuwata, na san wannan uhm ɗin, amma ranar na yi kamar ban ji ba.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla muka tsaya a wajen ajiye motoci kamar kullum, inda wata baiwar Allah take buɗe bayan motarta ta sayar da masa. Ina cin masa bakina ya ƙi zama. Na ba jama'a labarin ƙanwata za ta shiga jirgin ruwa mai bene a kan bene, da wurin wanka a samansa, kuma wai gado guda zai tafi ya dawo babu kowa. Aka yi ta salati. Cikin masu sauraro akwai abokina, direban tasi, wanda muka fi daɗewa tare a garin nan. Lokacin jinyar mijin ƙanwata shi ne mai kai shi asibiti ya dawo da shi, ya ɗauke shi a bayansa ya hau da shi bene, bai taɓa yarda an yi masa maganar ko sisi ba. Matarsa, Hajiya, tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa.

Ya ja ni gefe, amma ba nesa ba, kowa yana ji. Ya ce, "Alhaji, likita ya daɗe yana cewa Hajiya tana buƙatar ta sha iska. Ni kuma ka san tasi, idan ka ajiye ta ta ajiye ka. Da za a taimaka a tafi da ita... Ga ƙanwarka ta san kan aikin, allurar nan da awon suga duk a hannunta suke. Hankalina zai kwanta."

Ban ko haɗiye masar da ke bakina ba na ce, "An gama. Hajiya ta fara haɗa kaya."

Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce Allah ya bar zumunci, aka shafa. Na shiga mota ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Da yamma na kai wa ƙanwata albishir. Tana tsaye a kicin tana wanke shinkafa. Na gaya mata na samo mata abokiyar tafiya, mutuniyar kirki, kuma ga lada. Hannunta ya tsaya a cikin ruwan. Can ta ce, "A gaban mutane ka faɗa?" Na ce ƙwarai, har an yi addu'a. Ta ce, "To, Yaya." Ta ci gaba da wanke shinkafarta. Ni kuma na ɗauki wannan to ɗin na sa a aljihu a matsayin godiya.

Daga ranar Hajiya ta fara kiranta a waya. Ba da mugun nufi ba, murna ce. Tana tambaya ko akwai firji a ɗakin don allurarta. Ta ce ita ba ta iya matakala, kuma ba ta son shiga lifta ita kaɗai. Ta ce abincinta yana da lokaci, idan ya wuce jikinta rawa yake yi. Ta ce a tuna a saya mata man zafi mai yawa, domin idan ba a matsa mata ƙafa ba barci ba ya zuwa. Har ta ba da ɗinki.

Ban san duk wannan ba sai da 'yar ƙanwata ta zo gidana wata rana da tsakar rana, da kayan ofis a jikinta. Ta gaishe ni a tsaye. Ta fara da Turanci, da sauri, har sai da na ce ta sauko inda zan ji. Ta ja numfashi ta ce, "Kawu, Mama ta kwashe takardun jirgin daga tebur. Jiya na ji tana cewa wataƙila ta haƙura. Ba za ta ce wa Hajiya a'a ba, ba za ta kunyata ka ba. Kanta za ta hana."

Na ce, "Don me za ta haƙura? Ai an ƙara mata ne, ba a rage mata ba."

Ta dube ni irin kallon da yaran nan suke yi wa mutum idan ya kasa buɗe waya. Ta ce, "Ka je ka tambaye ta. Ka tambaya, Kawu, kada ka gaya mata."

Na tafi da niyyar in lallashe ta. Maganata tana gaban jama'a, kuma abokina ba mutumin da zan duba in ce na fasa ba ne. Na same ta tana ninke kayan jikanta. Na fara jero mata alherin da mutumin nan ya yi mana. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Duk na sani, Yaya. Ni na riƙe masa ƙofa yana hawa da mijina a baya. Amma bari in tambaye ka. Ka taɓa kwanciya a ɗaki kunnenka yana kan numfashin wani?"

Ta ajiye rigar da take ninkewa.

Ta ce, "Ni tun ban isa aure ba, da Inna ta kwanta ciwo, a haka nake barci. Rabin kunne a kan filo, rabi a kan wani. Idan ya yi tari na farka. Idan ya daina tari ma na farka, in je in duba ko lafiya. Ba teku ce ta dame ni ba. Ni dai ina so in buɗe ido da safe in tarar babu wanda yake jirana. Sau ɗaya, kafin in mutu."

Inna mahaifiyarmu ce. Lokacin ciwon nata ina birni ina neman kuɗi, ina aiko da abin da ya samu, ina jin na yi ƙoƙari. Ban taɓa tambayar wanda yake kwana a ɗakin ba.

Sai na kawo dabara irin tawa. Na ce bari in je in ce wa abokina kamfanin ne ya hana, an rufe ƙarin suna. Ta ce, "Da furfurarka? A'a. Ba za ka yi ƙarya saboda ni ba, ni ma ba zan hau ruwa da ƙarya a kaina ba." Ashe ba haƙura ta yi ba, tunani take yi. Ta ce gobe in zo in kai ta wajen ejan da ke shirya mata tafiyar, a kan titin Elm.

Wannan zaman shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. Ejan wata Baturiya ce mai fara'a, gilashinta rataye a wuya. Na ɗauka ni zan yi magana, na ma gyara hula. Ƙanwata ta ajiye jakarta a cinya ta ce ta zo ta canja jirgi, kuma tana da tambayoyi. Ni dai aikina ya koma gyaɗa kai.

Matar ta fara nuna mata wani mai araha, cike da wuraren wasan yara da kiɗa. Ƙanwata ta ce ta yi renon da zai ishe ta. Matar ta nuna mata wani na manyan mutane, inda ake sa kwat a ci abinci, kuma kamfanin yana haɗa wanda ya zo shi kaɗai da waɗansu baƙi a tebur guda har a gama tafiya, don kada ya ji kaɗaici. Ƙanwata ta tambaya ko tsofaffi ne suka fi yawa a ciki. Matar ta ce ƙwarai, shiru ne da shi sosai. Ƙanwata ta yi murmushi ta ce, "Idan aka zaunar da ni kusa da tsoho hannunsa yana rawa, kafin a kawo miya na karɓi cokalin. Wuce wannan."

Ta tambayi abinci, aka ce kifi da ganye da shinkafa ba sa yankewa, kuma ana rubuta abin da ke cikin kowane kwano. Ta tambayi yadda za ta san gabas tunda jirgin juyawa yake yi, matar ta ce akwai taswira a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda ya sa gaba, sauran kuma wayarta za ta yi. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta. Ta ce, "A duk kamfanonin nan, akwai wanda ya san mutum yana iya zuwa shi kaɗai? Wanda ya gina ɗaki mai gado ɗaya?"

Matar ta ce akwai. Ta juyo mana da kwamfutar. Ɗakin bai fi shagon mai gyaran agogo ba. Gado, 'yar durowa, banɗaki kamar akwati. Yana can tsakiyar jirgin, babu baranda, babu ko taga. Matar ta ce kuɗin mutum ɗaya ne, kuma masu irin ɗakunan suna da wani falo nasu inda suke haɗuwa su saba da juna kafin cin abinci.

Ƙanwata ta ce, "Dole ne a je?"

Matar ta ce a'a.

"Madalla. Shi nake so."

Matar ta cire gilashi ta ce, amma barandar fa? Ta tuna mata yadda ta zauna a kujerar nan ta zaɓe ta da kanta. Ni ma na sa baki da Hausa, na ce, "Auta, shekara da shekaru kina goge hoton barandar nan. Yanzu ki shiga rami?"

Ta amsa min a hankali, ba faɗa. Ta ce, "Barandar da gado biyu take zuwa, Yaya. Ko na sallami Hajiya wata za ta taso, tun ranar Juma'ar nan mutum nawa suka kira ni. Ni kuma na san kaina, ba zan iya ta cewa a'a ba. Da gado ɗaya, sau ɗaya zan faɗa." Na duƙar da kai ina kallon takalmina. Baturiyar ba ta jin Hausa, amma ita ma ta sami abin dubawa a kwamfutarta.

Na ɗauka shi ke nan, za a ce wa Hajiya ɗaki ya zama mai gado ɗaya, kowa ya fahimci abin da ya fahimta. Muna fitowa ta ce in kai ta gidan abokina. Ta tsaya a hanya ta sayi tuffa da lemo. Muka shiga, ni da maigidan muka zauna a falo, ita ta wuce ɗakin Hajiya. Gidajen hayar nan na Wendover bangonsu kamar kwali ne, duk abin da aka faɗa muna ji, mu biyu muna kallon talabijin da ba a kunna ba.

Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, na canja jirgi. Ɗakin da na kama gado ɗaya ne. Kuma ba kamfani ne ya canja min ba, ni na je na nema. Yaya ya yi alkawari don yana ƙaunarku. Ni kuma da ya gaya min na yi shiru, na bar ki kina ta shiri, wannan laifina ne, ki yafe min. Na gaji ne, Hajiya. Idan muka tafi tare zuciyata ba za ta bar ni in ga kina ɗingishi ina zaune ba. Zan yi miki komai, da daɗin rai ma, in dawo yadda na tafi."

Abokina yana ta juya makullin mota a hannu.

Hajiya ta ce, "Har na ba da ɗinki."

"Na sani."

"Na gaya wa 'yan'uwana a gida. Har da ƙanwata mai baƙin ciki."

"Na sani, Hajiya."

"Ban ji daɗi ba, kada in yi miki ƙarya."

"Ba ki da laifi idan ba ki ji ba."

Muka ji an fyace hanci. Sai can muryar Hajiya ta fito, a dashe, ta ce, "Amma wallahi da ni ce ke, ni ma ba zan tafi da ni ba." Sai dariya ta ɓarke a ɗakin, irin wadda ake yi da hawaye.

Abokina bai yi dariya ba. Ya raka mu bakin ƙofa da ladabi, amma daga ranar ya koma ba ni yatsu a masallaci maimakon hannu. Na je na same shi a tashar da yake jiran fasinja na ce ni na jawo, na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da akwai komai. Sai da Babbar Salla ta zo ya aiko min da cinyar rago, na san ya huce.

Ni na kai ta filin jirgin sama ranar tafiya, domin sai ta sauka Florida za ta hau na ruwan. Akwati ɗaya ta riƙe. Na yi ta zuba mata gargaɗi, kada ta matsa bakin ƙarfe, kada ta karɓi abin sha a hannun kowa. Ta ce, "To, Yaya," amma wannan karon tana dariya.

Ni na ɗauko ta kuma da ta dawo. Ta ɗan yi duhu, tafiyarta ta canja, ba ta sauri. A mota na ce to ba ni labari, me kika gani? Ta ce, "Barci na gani." Ɗakin nan marar taga, idan ta kashe fitila ko tafin hannunta ba ta gani, kuma babu numfashin kowa sai nata. Waya ta tashe ta ta yi asuba, ta koma, sai hantsi. Ta ce rabonta da barcin hantsi tun tana yarinya. Tekun kuma ta gan ta har ta ƙoshi, a saman jirgi, a kujerar da kowa yake zama.

Ta ce da farko hannunta ya ƙi yarda. Kafin mai gyaran ɗaki ya zo ta gyara gado, ta goge madubi, ta ninke tawul. Har mutumin ya haɗa hannu ya roƙe ta ta bar masa aikinsa kada a kore shi. A wajen cin abinci ta tsinci kanta tana tattara kwanukan teburin da ba nata ba. Sai da aka kwana biyu ta koyi ajiye cokali ta tashi.

Sannan ta ba ni labarin da har yau nake juyawa. Wata rana a bakin lifta ta ga wata tsohuwa tana kokawa da keken guragu na mijinta, ƙafar keken ta maƙale, ƙofa tana ta rufewa a kansu. Ta ce kafin ta yi tunani ta riga ta taka bayan keken ta ɗaga gabansa, ta shigar da shi, ta gyara wa tsohon ƙafarsa a kan matakin. Matar tana ta godiya, tana tambayar sunanta da lambar ɗakinta. Ita kuwa ta yi musu murmushi, ta ja baya, ƙofa ta rufe.

Ta ce, "Na taimaka, na wuce. Ka san daɗin wucewar nan, Yaya?"

Ban sani ba. Ni duk rayuwata wucewa nake yi, shi ya sa ban taɓa jin daɗinta ba.

Na yi karatu kaɗan, amma na zauna da mutane da yawa, kuma ban ga wanda ya fita daga matsi da tsabta kamar yadda ƙanwata ta fita ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta bar ni na yi ba. Ba ta tozarta ni a gaban abokina ba, har ta ɗauki rabin laifin ta ɗora wa kanta. Ta bar abin da ta fi so a tafiyar don ta tsira da abin da ta fi buƙata, kuma ita ta san bambancinsu tun ni ban sani ba. Mu mun iya tambayar mutum ko ya ci abinci, ko yana da abin hawa, ko yana da wanda zai raka shi. Ban taɓa jin an tambayi irin su ƙanwata ko suna so a ƙyale su ba, domin su ne waɗanda ake kira idan wani ya gaji.

Ta sake tafiya bayan wannan, ba sau ɗaya ba, kuma kullum irin ɗakin nan take kamawa. Ni ne direbanta zuwa filin jirgi. Idan Juma'a ta zo aka tsaya wajen masa, wani ba ya rasa tambaya, "Alhaji, kwana biyu ba a ga Hajiya ƙanwarka ba." In ce ta yi tafiya. Sai ya ce, "Ita da wa?"

In haɗiye masata tukuna, in ce, "Ita kaɗai." Daga nan ba na ƙara ko kalma.